Sunan da Yayana Bai Kira Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, mai kujera da mai tabarma duk hanya ɗaya. Yayana ya rasu da hantsi a gidansa na Harobanda, ƙetaren kogi a nan Yamai, bayan doguwar jinya. Ina shagona na ɗinki a Wadata lokacin, kuma rediyon maƙwabcina ya riga ɗan aike isowa gare ni. Na rufe keke, na rufe shago, na ƙetare gada.

Yanzu shekara ta zagayo. An share unguwa da sunansa, an yi kiɗa da sunansa, an tara taimako da sunansa. Rediyo da tele sun faɗi nasu. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Karatuna na boko bai wuce ƙaramar lakwal ba, amma na san shi tun ba shi da takalmi. Zan rubuta shi daki-daki yadda na san shi, don kada a manta da shi, kuma don kada a riƙa tuna wani mutum dabam a ƙarƙashin sunansa.

Zan fara da masu gaisuwa, tunda su suka fara cika gidan.

Manyan gwamnati sun zo cikin motoci masu baƙin gilashi, aka jera musu kujeru a ƙarƙashin rumfa. Kowannensu ya ce ƙasa ta yi rashin bango. Akwai wani a cikinsu da ya daɗe yana zagin marigayi a majalisa, shi ya fi kowa goge ido. Ƙanwarmu ta leƙo ta bakin ƙofa ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Ka ga wancan? Ya daɗe yana jiran ranar nan, ga ta ta zo ya rasa yadda zai yi da fuskarsa."

Maƙwabta Zabarmawa suka riƙa shigowa suna "fonda tilas", gaisuwar ta'aziyya a harshensu, matansu ɗauke da kwanukan dambu. Daga baya sai ga babbar mota daga gabas cike da tsofaffi, manoma da makiyaya. Aka ba su kujeru suka ƙi, suka zauna ƙasa. Wani tsohon Bafillace da aka ajiye wa abinci ya dubi kwanon ya ce, "Mutumin nan ya taɓa mayar mini da ƙwaryata. Ni ba zan mayar masa da tasa ba." Ya ci yana kuka.

Sai ɗan marigayi na fari. Bai zauna cikin ƙannensa a gaban rumfa ba, ya zauna can bakin zaure inda ake tuɓe takalma. Mutum ne da furfura ta fara kama gemunsa, makaɗin gita, wanda duk mai zuwa biki a Yamai ya san fuskarsa. Duk wanda ya durƙusa yi masa gaisuwa, sai ya riƙe hannunsa ya ba shi labari ɗaya.

"Tsoho bai taɓa kiran sunana ba, ka sani. Amma ranar wani biki ya tashi a gaban manyan ƙasar nan, ya tako har inda nake, ya yi mini liƙi da hannunsa. Shi da bai taɓa yi wa kowa ba."

Masu sauraro su girgiza kai. "Allah sarki. Kunyar ɗan fari ke nan. Mutanen da, sonsu na ciki."

Na ji labarin nan har ban san iyaka ba a zaman makoki. Duk lokacin da ya fara, sai in tashi in je alwala ko da ina da ita. Abin da yake riƙe da shi a duniya ke nan, cewa ubansa ya karɓe shi ko da bai faɗa da baki ba. Bai nemi gida ba, bai nemi fili ba. So yake wata rana a tsayar da shi a gaban mutane a matsayin ɗan mutumin nan. Zan zo ga wannan a wurinsa.

Na farko, aikin marigayi da halinsa.

Ya fara da koyarwa a ƙauye, ana ce masa Mushe, kamar kowane malamin boko. Daga nan aka ba shi riƙon yanki, daga baya ya zama minista, aka kuma aike shi waje ya wakilci ƙasa. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na kaki, kowacce ta bincike shi ba ta samu komai ba. Da ya sauka sai ya koma gidan da ya gina tun yana ƙaramin ma'aikaci, cikin masunta da ɗalibai, alhali abokansa sun haura unguwannin manya.

Bayan sallar asuba shi ke share ɗakinsa. Kununsa ba sukari. Motar aiki ba ta taɓa kai matarsa kasuwa ba. In an yi masa magana sai ya ce, "Abin gwamnati abin maraya ne." In kuma an cika shi da yabo sai ya katse mai yabon ya ce, "Sannu ba ta haƙa rijiya. Me ya kawo ka?"

Ni ma na ɗanɗana. Lokacin da yake minista na ji za a ba da ɗinkin kayan masu gadin ma'aikatarsa. Na sa babbar rigata na same shi a biro, wato ofishinsa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kekenka ya san ni minista ne?"

Na ce, "A'a, Yaya."

"To kar ka gaya masa. Gaida gida."

Na fito raina a ɓace. Yau da nake tafiya cikin Wadata ba wanda ke nuna ni da yatsa, na san darajar abin da ya yi mini.

Maganar ƙwaryar Bafillace kuwa ga yadda take. An aike shi raba faɗa tsakanin wani gari da rugagen da ke kewaye da shi, a kan rijiya da hanyar shanu. An riga an zubar da jini. Bai sauka gidan mai gari ba, bai sauka ruga ba. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin wani gawo tsakaninsu. Mutanen gari suka aiko tuwo, ya mayar. Fulani suka aiko fura da nono, ya mayar. Ya ce ba ya cin abincin mutanen da ba sa cin na juna. Ruwa kaɗai yake sha. To, baƙo ya zauna da yunwa a ƙasarka, wannan abin kunya ne da ba manomi ba makiyayi da zai iya ɗauka. Da suka ga tsayuwa ta fara yi masa wuya, sai dattawan ɓangarorin biyu suka zo da ƙwarya ɗaya, suka sa hannu tare da shi. Har yau shanu na bin hanyar nan.

Shekarar da kogi ya cika ya shigo Harobanda, ya kwashe iyalinsa ya cusa ɗaki ɗaya, ya ba maƙwabta sauran ɗakunan, shi ya koma zaure har ruwa ya janye. Bai bari an faɗa a rediyo ba.

Wannan shi ne mutumin da ƙasa ta sani, kuma duk gaskiya ne. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Na biyu, cikin gida.

A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Uwa ma ta fi uba kunya, ba ta yabonsa, ba ta tsaya masa a gaban jama'a. Kowa ya san haka, kuma kowa ya san so na nan a ƙarƙashi kamar garwashi cikin toka. Mahaifiyarmu ce ta yi renon yaron a garinmu, sai da ya kai shiga lise, babbar sakandare, aka kawo shi Yamai. Yayana na ce masa "wancan". Ba wanda ya ga aibu a ciki, ni ma haka nake ce wa nawa.

A wurin ɗaliban unguwar Lamorde yaron ya koyi gita. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyi ya yarda. Karatu ya ja baya, kiɗa ya yi gaba. Ranar da labari ya kai ga ubansa, bai doke shi ba, bai kore shi ba. Ni ya duba ya ce, "Tun kakanninmu ba a taɓa roƙo a gidanmu ba." Sannan ya aika cikin gida cewa daga yau a rage kwano ɗaya cikin waɗanda ake fitarwa zaure. Iyakarta ke nan. Yaron ya gane, ya kwashe kayansa ya koma Lamorde.

Amma bai daina zuwa ba. Kowace Juma'a bayan masallaci sai ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi gaisuwa. Uban ya ce "Lafiya" bai ɗaga kai daga jarida ba. Ɗan ya tashi ya tafi da farin cikinsa. Wani lokaci ya biyo ta shagona ya ce, "Baffa, yau ya amsa da wuri." Haka ya yi har ya yi aure, har ya haifi nasa.

Sai ranar bikin. Wani abokin aikin yayana ke aurar da ɗiya, aka yi wuni a wani babban fili bayan la'asar, aka ɗauko masu kiɗa. Ashe ƙungiyar ɗansa ce. Mun zauna a sahun gaba, manyan ƙasa hagu da dama. Ban san wanda ya fara raɗa ba, amma na ga kawuna na juyowa wajen yayana, na ga murmushi a bakin waɗanda ba sa sonsa. Yayana ya miƙe. Ya taka a hankali har gaban masu kiɗa, ya sa hannu aljihu, ya ciro takardar kuɗi ya manna wa ɗansa a goshi. Ya juyo ya zauna. Fili ya ɗauki guɗa da tafi. Yaron na kiɗa hawaye na zuba a kan gitarsa.

A hanyar komawa ɗansa na biyu ke tuƙi, lokacin yana jami'a, mu biyu muna baya. Raina fari na ce, "Yaya, yau ka faranta wa yaron nan rai."

Ya ce, "Wane yaro? Maroƙi ya yi kiɗa, na sallame shi. Haka ake yi musu don kada su bi mutum gida."

Na ce, "Yaya, jininka ne fa."

"Duk wanda ya sake ce mini ɗana ne, ya tuna a gaban idonsa na biya shi. Kai kuma ɗinki ka sani, tsaya ga ɗinki."

Wannan ce kaɗai ranar da na ɗaga masa murya. Na ce Allah zai tambaye shi. Ya ce in bari sai an tambaye shi ɗin. Muka ƙetare gada muka isa gida. Ban kai wa yaron maganar ba. Bai tambaye ni ba, kuma ba na kai wuƙa inda ba a aike ni ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, ɗan farin ya fi kowa zama a asibiti. Shi ke juya shi, shi ke matsa masa ƙafafu. Uban na bari, yadda ake barin ma'aikacin jinya. Wata rana ɗan ya fita sallar azahar, na matsa kusa da gadon na ce, "Yaya, babban ɗanka na ƙoƙari da kai. Ka sa masa albarka, ko sau ɗaya."

Ya buɗe ido ya ce, "Babban ɗana yana biro. Sai yamma zai zo."

Na biyun yake nufi, kuma hankalinsa garau yake. Na duba, don na so a ce ba garau yake ba.

Na uku, taron shirya tunawa.

Da shekara ta kusa cika, ƴaƴan suka kira mu gidan. Akwai matar yayana, akwai ƙanwarmu, akwai ni. Ɗan na biyu yanzu darakta ne a wata ma'aikata. Autarsu kuma, wadda ta yi karatu waje, ita ke riƙe da ƙungiyar da suka kafa da sunan ubansu. Su biyun "Tonton" suke ce mini, da Faransanci. Ɗan farin kaɗai ke ce mini Baffa.

Autar ta ce, "Tonton, ga abin da muka tsara. Da safe saukar Alƙur'ani. Daga nan aikin gayya, a yashe magudanun ruwan unguwa kafin damina. Da la'asar konser, abin da aka samu a kai gidan haihuwa na unguwa."

Na ce, "Mutumin da bai taɓa son kiɗa ba za ku tuna da kiɗa?"

"Tonton, matasa ba sa zuwa jin jawabi. In ana son taimako sai an tara mutane."

Ƙanwarmu ta ce, "Da ransa ya hana, da ya mutu a yi masa. Allah Ya kyauta."

Sai ɗan farin ya gyara zama. Tun da aka ambaci kiɗa fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ni zan buɗe. Waƙa ɗaya kawai, na riga na shirya ta. Ba na son ko dala."

Daraktan ya ce, "An riga an cika tsari, Yaya."

"Sai a cire ɗaya."

"Waɗanda suka ɗauki nauyi matasa suke so, masu jan jama'a."

"Rabin yaran nan ni na koya musu riƙon gita."

"Shi ya sa. Ka yi naka, ka huta."

"Kai, ni ne babba a gidan nan."

"A shekaru, ƙwarai."

Ɗan farin ya yi kamar bai ji ba. Ya juya wajen autar yana murmushi ya ce, "Ke ba ki da wayo lokacin. Kafin in fara zan ba mutane labarin ranar da tsoho ya yi mini liƙi. Su san cewa da hannunsa ya sa wa kiɗana albarka. Kin ga ba mai cewa mun yi masa abin da ba ya so."

Daraktan ya yi dariya, irin ta hanci. Ya ce, "Labarin nan ya ishe mu haka. Mun ji shi a makoki mun yi shiru, ba za mu ji shi a lasifika ba. Ka san abin da ya ce a mota ranar?" Ya faɗa masa duka, kalma bayan kalma, har da "don kada su bi mutum gida". Ya ƙare da cewa, "Ni na tuƙa motar. Tonton na baya. Tambaye shi."

Bai fara duba ni ba. Uwarsa ya duba. Ita kuwa ta ja mayafi ta mayar da fuska bango, yadda ta saba tun ranar da ta haife shi.

Ƙanwarmu ta ce mata, "Ke, yau ba ranar kunya ba ce. Buɗe baki ki yi magana!"

Ta tashi ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ban sani ba ko kunya ce ko rashin abin faɗa. Ita ta sani.

Sannan ya juyo gare ni. "Baffa?"

Ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na ce, "Haka ya faɗa."

"Da wasa?"

"Ubanka ba ya wasa."

"To daga baya? A asibiti? Ai ni ke juya shi."

"Bai canza ba."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin kaya. Ya gyara hularsa ya ce, "To. Allah Ya sa a yi taro lafiya." Ya fita.

Ƙanwarmu ta dubi daraktan ta ce, "Ka gaji ubanka, amma ba ta gefen da ake yabo ba."

Ya ce, "Gwaggo, gaskiya na faɗa."

Ta ce, "Shi ma gaskiya yake faɗa, shi ya sa ba wanda ya taɓa dariya a gidan nan."

Na huɗu, ranar kanta.

An yi sauka da sassafe, an yi addu'a. Sannan aka raba riguna masu hoton marigayi a ƙirji. Manya suka zo aka miƙa musu sababbin tsintsiyoyi, suka share inda aka riga aka share, masu ɗaukar hoto na gabansu. Da masu hoto suka naɗe kayansu, su ma suka shiga motoci. Samarin unguwa ne suka yi aikin, su da mata masu kwasar shara. Zan faɗi gaskiya a nan ma: an yashe magudanun sosai, kuma da damina ta sauka ruwa ya samu hanya. Gidan haihuwa ya samu gadaje. Ba aikin banza aka yi ba.

Ɗan farin ya zo. Bai karɓi riga ba. Ya naɗe wando ya shiga babbar magudanar da ke gaban gidan ubansa, baƙin ruwa har gwiwa, yana ɗebo taɓo da leda yana miƙa wa samari. Bai gaida ƙannensa ba, su ma ba su matso ba. Wata yarinya mai aikin tele da ta makara ta hango tsoho cikin rami, ta ga abin ɗauka ne. Ta miƙa masa abin magana ta ce, "Baba, sannu da aiki. Ka san marigayi?"

Ya ce, "Na taɓa yi masa kiɗa."

Ya sunkuya ya ci gaba da ɗiba.

Da la'asar aka taru a filin wata lakwal kusa da kogi. Jama'a ta cika maƙil. An ba ni kujera a gaba na ƙi, na zauna baya, don ba na son ƙarar lasifika. Ban yi zaton ɗan farin zai zo ba, sai ga shi ya ja kujera kusa da ni. Ya yi wanka ya sa farar riga, amma taɓo na nan ƙarƙashin farcensa. Yaran da ke gyara wayoyin gita a kan dandali suka hango shi, wasu suka ɗaga masa hannu. Ya ɗaga musu.

Kafin a fara kiɗa, wani babba daga gwamnati ya hau da lambar girma cikin akwati. Ya yi jawabi a kan riƙon amana. Da ya gama ya ce, bisa al'ada, babban ɗan marigayi za a miƙa wa. Na ga autar ta dubi daraktan, daraktan ya dubi masu hoto. Ta yi sauri ta raɗa wa mai gabatarwa magana a kunne.

Mai gabatarwa ya kira sunan ɗan farin. Cikakke, haɗe da na ubansa, lasifika ta kai shi har ƙetaren kogi. Ban taɓa jin an haɗa sunayen nan biyu a gaban taro ba sai ranar.

Bai motsa ba.

Aka sake kira. Waɗanda suka san shi suka fara waiwayowa, wani ya nuna shi da hannu. Daraktan ya matso bakin dandali yana murmushi, yana yafito shi. "Yaya, taso mana. Ana jiranka."

Na taɓa gwiwarsa na ce, "Tashi. Abin da kake so ke nan."

Ya ce, "Baffa, wani ake kira."

Shiru ya fara yin tsawo. Mai gabatarwa, don ya ceci taro, ya yi dariya ya ce, "Jama'a, ku yi masa uzuri, ɗan fari ne! Kunyar baba ce har yanzu!" Fili ya fashe da dariya da tafi. Wata mata a gabanmu ta juyo ta ce, "Allah sarki, tarbiyya ke nan." Daraktan ya karɓi lambar da hannu biyu, aka ɗauki hoto. Da aka buga gangar farko, ɗan farin ya tashi ya bi ta bayan kujeru ya fita. An yi kiɗa har gab da magariba, an ce ya yi daɗi.

Na ƙarshe.

Ni dattijo ne, kuma na san abin da malamai suka faɗa: Allah na yafe nasa, amma haƙƙin mutum sai mutum ya yafe. Yayana na cikin ƙasa, ba shi da bakin roƙo, ni ne na rage masa. Saboda haka da Juma'a ta zo, bayan masallaci, na hau taksi zuwa Lamorde. Na tarar da ɗan farin a ƙofar gida yana gyara wa wani ɗalibi gita. Ya sallami ɗalibin, ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa. Ladabinsa bai ragu ba.

Na ce, "Na zo roƙo ne. Ubanka ya yi wa ƙasa abin da ba kowa ya yi ba, kai kuma ya zalunce ka. Duka biyun na sani. Yanzu yana inda ba ya iya gyarawa. Ka yafe masa."

Na dube shi. Babu fushi a fuskarsa, da akwai da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Baffa, ɗa ne ke yafe wa uba. Ka je ka tambayi ƴaƴansa."

Na ce, "Kai na zo tambaya."

Ya ce, "Sha ruwanka, Baffa. Rana ta yi zafi."

Na sha. Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da taksi, ya buɗe mini ƙofa.

Allah Ka jiƙan yayana, Ka haskaka kabarinsa, Ka saka masa da alherin da ya yi wa manomi da makiyayi da maƙwabci. Ƙasa ba ta bin sa komai. Mutum ɗaya ne ya rage, kuma har ranar da nake wannan rubutu bai yafe ba.